Haruffa Masu Kauri: Labarin Cooper Black da Ladubban Rubutun Jan Hankali

A shagunan da ake haɗa katin biki da bana da fastoci, akwai wata magana da ba ta fita daga bakin masu kawo aiki: “Malam, sa mini rubutu mai kauri, wanda za a hango daga nesa.” Mai shagon sai ya buɗe jerin salon haruffan da ke cikin kwamfutarsa, wanda a bakin sana'a suke kira font, ya yi ta gangarawa har a iske wanda ya kwanta wa mai aiki a rai. Sau da yawa a kan wasu ƙosassun haruffa ake tsayawa, baƙaƙe wuluk, masu kumatu, waɗanda babu tsini ko kaifi ko ɗaya a jikinsu. Sunansu Cooper Black. Kusan kowa ya taɓa ganinsu, ko a takardar alawa, ko a gaban riga, ko a allon wani shago. Amma kaɗan ne suka san cewa wani mutum ne ya zauna ya zana su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, fiye da shekara ɗari da ta wuce, kuma akwai aikin da ya zana su dominsa.

Tun da daɗewa masu sana'ar ɗab'i suka raba haruffa gida biyu. Akwai na karatu, waɗanda ake cika shafin littafi da na jarida da su. Kyawunsu shi ne kada a lura da su, mai karatu ya bi ta kansu hankalinsa na kan zancen. Akwai kuma na jan hankali, na kanun labari da bangon littafi da allon talla, waɗanda ake so a gan su tun kafin a karanta su. Ana auna girman harafi da wani ma'auni da ake kira poyin, guda 72 ke yin inci ɗaya. Rubutun cikin littafi yawanci tsakanin 10 ne da 12, shi kuwa na jan hankali sai daga wajen 24 zuwa sama yake nuna kansa, har ya kai harafin da ya fi mutum tsawo a jikin allo. Harafin jan hankali kakaki ne: ana busa shi a sanar da cewa ga sarki nan tafe, kowa ya waiwayo, amma ba a zaman hira da shi.

Wannan gida na biyu bai tsufa kamar na farko ba. A cikin shekaru kusan 350 da suka biyo bayan fara ɗab'in Gutenberg a Jamus wajen 1450, littafi ne babban aikin maɗaba'a, kuma in ana son babban rubutu sai dai a ƙara wa harafin littafi girma. A farkon ƙarni na 19 ne abin ya sauya a Landan. Masana'antu sun yawaita, kaya sun cika kasuwa, bangayen gari suka cika da takardun gwanjo da na gidajen wasan kwaikwayo da na caca, kowace tana neman danne ta kusa da ita. Nan masu zubin haruffa suka shiga gasa. Robert Thorne ya yi suna wajen kumbura sandar harafi har ta kusa cinye farin da ke cikinsa. A 1815 Vincent Figgins ya fito da haruffa masu faffaɗan ƙafafu, wato 'yan layukan da ke ƙarshen sandar harafi, a 1816 kuma William Caslon na huɗu ya nuna waɗanda ba su da ƙafa sam. Da yake babban harafin dalma yana da nauyi da tsada, kuma ba ya zubuwa daidai, wani Ba'amurke mai suna Darius Wells ya ƙirƙiro injin sassaƙa haruffa daga katako a 1827, manyan fastoci suka samu sauƙin bugawa.

Oswald Cooper ya zo ne bayan an yi nisa a wannan gasa. An haife shi a 1879 a jihar Ohayo ta Amurka, ya tashi a Kansas, inda ya koyi aikin maɗaba'a tun yana matashi. Daga nan ya tafi Shikago da niyyar koyon zanen hoto, amma a makarantar sai ya haɗu da Frederic Goudy, ɗaya daga cikin manyan masu zanen haruffa na Amurka, wanda yake koyar da rubutun hannu irin na talla. Hannun Cooper ya fi faɗawa a nan, sai ya tsaya. Shi da abokinsa Fred Bertsch suka buɗe shagon da ke yi wa kamfanoni rubutun talla da hannu, kuma daga wannan rubutu ne kamfanin zubin haruffa na Barnhart Brothers & Spindler ya ga abin da zai iya sayarwa. Suka fara da wani salo mai matsakaicin kauri, sannan a farkon shekarun 1920 suka fito da mai ƙibar, wato Cooper Black. Nau'insa mai karkata ya biyo baya a 1926. Cooper ya rasu a 1940.

Yana da kyau mai karatu ya buɗe kwamfuta ya rubuta wata kalma da shi, ya ƙara mata girma har ta cika fuskar, don akwai abubuwan da sai an matso ake gani. A fara da babban O. Daga waje kusan a zagaye yake, amma farin da ke tsakiyarsa ɗan ƙarami ne, kuma bai miƙe tsaye ba, ya jingina zuwa hagu. Wannan karkata gado ce daga rubutun alƙalami mai faɗin baki, wanda idan an riƙe shi a karkace yakan bar kauri a wani gefe, siranta a wani. Ɗigon da ke kan ƙaramin i shi ma ba cikakken zagaye ba ne, ya ɗan miƙe kuma ya ɗan karkata. Sannan a dubi 'yan ƙafafun da ke ƙarshen kowace sanda. A haruffan littafi ƙafafun nan sirara ne masu kaifi, a nan kuwa a kumbure suke, ƙasansu ma ba a shimfiɗe yake ba, ya ɗan lanƙwasa, don haka layin ba ya zama a daskare, sai ka ga kamar haruffan na motsi kaɗan. Ƙananan haruffa irin su a da e da n dogaye ne, sun kusa kamo manya, wutsiyar g da p da y kuwa gajeriya ce, shi ya sa ake iya matse layi a kan layi ba tare da sun shiga juna ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faru da katari. Mutumin da ya shekara da shekaru yana jan buroshi ne ya san inda zai ƙara nama da inda zai rage, don baƙin ya yi yawa amma harafin kada ya shaƙe.

Abin da ya bambanta shi da magabatansa ke nan. Haruffan Thorne da na Figgins suna da ƙarfi, amma ƙarfi ne mai tsawa. Cooper ya samo hanyar ɗaga murya ba tare da ɗaure fuska ba, kuma a ganina wannan ne sirrin daɗewarsa. Shi kansa ya taɓa faɗa cikin raha cewa ya yi salon ne domin masu ɗab'i masu hangen nesa waɗanda abokan cinikinsu ba sa gani sai kusa. Masu ra'ayin riƙau a sana'ar ba su so shi ba, suna ganin ya cika shafi da baƙi ya ɓata tsari, amma 'yan talla suka yi masa rubdugu. Cinikinsa ya kai ga sauran kamfanoni suka shiga fito da nasu mai kama da shi. Har malaminsa Goudy sai da aka sa ya zana kishiyarsa, Goudy Heavyface, a 1925.

Bayan yaƙin duniya na biyu kasuwarsa ta ja baya, domin yayi ya koma kan haruffa marasa ƙafa, masu tsabtar layi, irin Helvetica da ta fito a 1957. Amma bai mutu ba. A 1966 mawaƙan Beach Boys suka sa shi a bangon faifansu mai suna Pet Sounds, a 1971 mawaƙan The Doors suka sa shi a nasu L.A. Woman. Ya zama rubutun sunan magen barkwanci Garfield, yana jikin takardar alawar Tootsie Roll, kuma tun 1995 kamfanin jiragen sama na easyJet yake rubuta sunansa da shi, fari a kan ruwan lemo. Daga baya aka zuba shi cikin tarin haruffan da ke zuwa tare da Microsoft Office, ta nan ya shiga miliyoyin kwamfutoci, har da na shagunanmu.

Akwai dalili na aiki a bayan wannan farin jini, ban da sha'awa. Harafi mai siririyar sanda da ƙafa mai kaifi yana bukatar inji mai kyau da takarda mai kyau. In tawada ta yi yawa sai ƙafar ta dagule, in ta yi kaɗan sai siririyar sandar ta ɓace. Cooper Black ba shi da abin da zai rasa ta wannan hanya, tun da dama kusurwoyinsa a dagule suke da gangan. Shi ya sa ya jure wa bugun jarida mai arha, ya jure wa injin kwafi, ya jure wa haruffan da ake mannawa a riga da dutsen guga, waɗanda suka yi tashe a Amurka a shekarun 1970. Mai yankan sitika ma ya san cewa wuƙar inji ta fi bin lanƙwasa cikin sauƙi, kuma harafi mai tsini daga tsinin yake fara ɓanɓarewa in rana da ruwa suka dake shi. Ga mai buga riga ko leda ko buhu, wannan ba ƙaramar riba ba ce.

To ina ya dace? Duk inda ake son fara'a da sakin jiki: sunan gidan burodi, kwalbar zoɓo ko kunun aya, shagon kayan yara, ranar wasannin makaranta, katin suna, fastar fim ɗin barkwanci. Kalma biyu ko uku, manya, a matse kusa da juna, da fili a kewaye da su. Matsewar nan tana da muhimmanci, domin farin da ke cikin haruffan kaɗan ne, in aka buɗe tsakaninsu da yawa sai kalmar ta watse, ido ya riƙa tsintar harafi ɗai-ɗai. Inda bai dace ba shi ma a fili yake. Sanarwar rasuwa, takardar kotu, allon asibiti, gargaɗin ɓarkewar cuta, duk waɗannan ba sa son harafi mai murmushi. Na sha ganin sanarwar addu'ar bakwai da aka rubuta da irin haruffan da ake tallar alawa, kuma na tabbata iyalan mamacin ba abin da suka nufa ke nan ba. Sun nemi rubutu mai kauri ne kawai, ba wanda ya gaya musu cewa kaurin ma iri-iri ne. In ana son ƙarfi ba wasa, akwai irin su Impact, wanda Geoffrey Lee ya zana a Ingila a 1965, matsattse, tsayayye, mai ɗaukar dogon kanu a ɗan fili. Shi ne ake yawan gani fari da baƙin gefe a kan hotunan barkwanci na intanet, amma asalinsa na kanun labari da talla ne.

Babban kuskuren da ake yi bai ma shafi zaɓen salo ba, ya shafi yawa. Mai aiki ya biya kuɗin bana, yana ganin kowane taƙi na filin kuɗinsa ne, sai ya ce a cika. Sunan shago da kauri, jerin kaya goma sha biyu da kauri, adireshi da kauri, lambar waya uku da kauri, kowanne da launinsa da inuwarsa. Ai kauri ba ya aiki sai da siriri a gefensa. In komai ya yi kauri, ido ba ya sanin inda zai fara, kuma mai wucewa a kan babur daƙiƙa biyu ko uku gare shi. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su tambayi mai aiki: a duk abin nan, wane abu ɗaya kake so mutum ya tafi da shi? Shi kaɗai za a ba harafin ado. Sauran a sa su cikin salo mai sauƙi, mara kwalliya. Salo biyu sun ishi yawancin aiki.

Sai kuma jan harafi. Idan kalma ba ta cika fili ba, akan kama gefenta a ja ta ta yi faɗi, ko a matse ta ta yi tsawo. Wannan yana rushe duk lissafin da mai zane ya yi: sandar tsaye ta yi kauri, ta kwance ta sirance, O ya koma wani abu dabam. In fili matsattse ne, a nemi salon da dama matsattse aka zana shi. Haka nan rubuta doguwar jimla da manyan haruffa zalla yana rage saurin karatu, domin ƙananan haruffa su ne masu hawa da sauka, kuma wannan hawa da saukar na taimaka wa ido ya gane kalma. Lokacin da Jock Kinneir da Margaret Calvert suka tsara allunan hanyoyin Birtaniya tsakanin 1957 da 1963, haɗin manya da ƙananan haruffa suka zaɓa, cikin salo mara ado ko kaɗan, don direba mai gudu ba ya da lokacin kallon kwalliya. A Amurka ƙa'idar allunan hanya ita ce a ba harafi tsawon inci ɗaya a kan kowace ƙafa 30 ta nisan da ake so a karanta shi. Mai yin allon shago zai amfana da wannan lissafi: tsawon harafi da bambancin launinsa da na bango su ne ke kai rubutu nesa, fiye da kaurinsa. Ja a kan kore, ko shuɗi a kan baƙi, komai ƙibar harafin, wahalar da ido yake yi.

Akwai wurin da abin ya wuce batun kyau ya zama batun lafiya. A jikin kwalbar magani ko ledar abinci, sunan kaya yana iya shan ado yadda aka ga dama. Amma yadda ake sha, da ranar lalacewa, da lambar rajistar NAFDAC, da gargaɗi ga mai ciki ko yaro, waɗannan a rubuta su da harafi mai sauƙi, baƙi a kan fari. Cooper Black in aka ƙanƙanta shi, ɗan farin da ke cikin a da e toshewa yake yi, kuma 3 da 8 ko 6 da 8 suna iya rikita tsohon da idonsa ya yi rauni. Masu ƙananan sana'o'i da ke buga takardar manna wa kayansu su kula da wannan sosai.

Yanzu ga matsalar da ta shafe mu kai tsaye, wadda kuma ita ce ta fi ci mini rai. Cooper ya zana haruffansa ne domin tallar Turanci a Shikago. Babu ɓ a ciki, babu ɗ, babu ƙ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu a Najeriya muke sa 'y. Ba laifinsa ba ne, domin a lokacin ko a ƙasar Hausa ba a tsayar da su ba. Kafin shekarun 1930 wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, wasu su sa 'yar alama a gefensa. A cikin waɗannan shekaru ne, zamanin da Rupert East ke jagorantar hukumar talifi a Zariya, haruffa masu lanƙwasa suka zauna, kuma littattafan makaranta da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 Abubakar Imam na editanta, suka sa idon jama'a ya saba da su. Yau haruffan nan suna da gurbinsu a tsarin Unicode da kwamfuta da waya ke aiki da shi, manyansu da ƙananansu. Amma samun gurbi dabam, samun wanda zai zana harafin a cikin kowane salo dabam. Cooper Black ɗin da ke zuwa da Office ba shi da su, kuma haka akasarin haruffan ado da ake saukewa kyauta suke.

Abin da ke faruwa a shago kowa ya san shi. An rubuta “Ƙungiyar Mata Masu Ɗinki”, sai ko dai wani ɗan akwati fanko ya fito a gurbin Ƙ da Ɗ, ko kuma kwamfuta ta aro su daga wani salo dabam, ka ga siraran haruffa biyu tsaye a tsakiyar ƙosassu. Mai shago na sauri, sai ya goge ya sa K da D, a wuce wurin. Da haka allunanmu da fastocinmu da bangon littattafanmu suka cika da Hausa mara lanƙwasa. Akan ce ai mai karatu zai gane. A cikin dogon zance zai gane, domin abin da ke gaba da baya na taimaka masa. Amma kanu kalma biyu ne ko uku, ba shi da gaba ba shi da baya. “An yi fada” da “an yi faɗa” ba labari ɗaya ba ne, haka “kasa” da “ƙasa”. Ban da wannan ma, yaron da malaminsa ke fama da shi a aji ya rubuta ƙ, in ya fito ya ga manyan alluna a gari duk ba su damu ba, wa zai bi? Babban rubutu malami ne, ko an nufa ko ba a nufa ba.

Maganin bai fi ƙarfin kowa ba. Na farko, kafin a ɗauki kowane salo, a gwada shi da layi ɗaya mai ɗauke da su duka: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ. Wanda ya fito da su daidai, da kauri ɗaya da sauran, a ware shi a ajiye. Iyalin haruffan Noto na Google suna da su, kuma Noto Sans da Noto Serif suna da nau'i mai kauri sosai da zai iya ɗaukar kanu. Charis da Andika na ƙungiyar SIL su ma suna da su, kodayake sun fi dacewa da rubutun karatu. Duka kyauta ne, kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su.

In kuwa zuciya ta nace sai Cooper Black, ko wani salon ado da ba shi da lanƙwasa, mai aiki da manhajar zane ta CorelDRAW yana iya yi da hannunsa, tunda kanu kalmomi kaɗan ne. A rubuta kalmar da k ko d ko b, a mayar da rubutun ya zama zane ta hanyar danna Ctrl da Q, sannan a rubuta ƙaramin f na wannan salon a gefe. Kan f ɗin nan, inda ya lanƙwasa zuwa dama ya ƙare da dunƙule, shi ne lanƙwasar da ake bukata, da kaurinta da halinta. A yanko shi, a cire ƙafar da ke saman sandar k, a dasa shi a wurin, a haɗe su su zama jiki ɗaya. Haka za a yi wa ɓ da ɗ. A manyan haruffa wurin ya bambanta: lanƙwasar Ɓ da Ɗ tana fitowa ne ta saman hagu ta sauko, ta Ƙ kuwa tana kan hannun dama na sama. Abin kiyayewa shi ne kada a ja wani siririn ƙugiya a liƙa wa ƙaton harafi, domin daga nesa ɓacewa zai yi, an yi aikin banza. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ya adana, ya huta, duk aikin da ya zo sai dai ya ɗauko.

Kada kuma a ɗauka son rubutu mai kauri baƙon abu ne da kwamfuta ta kawo mana. Duk wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani bugun hannu na Kano, irin wanda Sharif Bala Gabari ya yi suna da rubutawa, ya ga baƙi mai cika ido, wanda alƙalami mai faɗin baki ya zauna a kansa da nauyi, ga wasulla da ja suna haskaka shi. Wannan hannu yana da ƙa'idojinsa, kuma almajiri kan daɗe kafin ya iya shi. A 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da salon haruffan kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka gina a kan irin wannan rubutu na yankin Kano, domin masu ajami. Haka masu rubutu a jikin manyan motoci da allunan shaguna, waɗanda ke aiki da fenti da buroshi, sana'arsu ɗaya da ta Oswald Cooper kafin a mayar da hannunsa dalma. Su ba ruwansu da abin da kwamfuta ke da shi ko ba ta da shi, in mai aiki ya ce a sa lanƙwasa, jan buroshi ɗaya ne. Abin da ya rage shi ne matasanmu masu zane a kwamfuta su ɗauki hoton irin waɗannan rubuce-rubuce kafin bana ta gama korar su, su koyi yadda ake mayar da su cikakken salo. Akwai manhajojin yin haka, wasu ma kyauta ne, kamar FontForge.

Magana ta ƙarshe ta shafi haƙƙi. Salon haruffa aikin wani ne, kuma fayil ɗinsa yana da lasisi kamar kowace manhaja. Da yawa daga waɗanda ake saukewa a intanet an rubuta cewa na amfanin kai ne kawai, ba na kasuwanci ba. Mai buga katin suna ba lallai wani ya bi ta kansa ba, amma kamfanin da zai sa salo a tambarinsa, ko mawallafin da zai sa shi a bangon littafin da za a sayar a ƙasashen waje, ya kamata ya karanta sharaɗin tun kafin a buga kwali dubu goma. Waɗanda ke ƙarƙashin lasisin da ake kira OFL, kamar akasarin na Google Fonts, an yarda a yi kasuwanci da su, an kuma yarda a gyara su bisa sharuɗɗan lasisin. Wato mai zanen da ya samu salon ado mai kyau a cikinsu wanda ba shi da ɓ da ɗ da ƙ yana da damar ƙara su, ya raba wa sauran masu shaguna su ma su yi aiki da shi.